Fagen Koci: Tsuguno 200 Kullum, Amma Tsallen Yana Nan Inda Yake

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan kusan duk a kan tsalle suka zo, kamar an haɗa baki, don haka na tsamo huɗu daga ciki. Kamar yadda na saba faɗi, ni malamin motsa jiki ne, na fi shekara 20 ina horar da yara ƙwallon raga a nan cikin Katsina. Inda magana ta zama ta asibiti, zan ce a je asibiti.

Tambaya: Koci, barka da aiki. Shekarata 19, ina buga ƙwallon kwando. Tsawona mita 1.82, nauyina kilo 68. Wata huɗu ke nan kullum bayan sallar asuba ina tsugunawa in miƙe sau 200 babu nauyi, in ƙara da tsallen kwaɗo har sai ƙafata ta fara rawa. Cinyata ta yi tauri, amma har yau hannuna bai taɓa zoben kwando ba. Abokaina sun ce abin gado ne, in haƙura. Gaskiya ne? Daga wani matashi, Ƙofar Marusa.

Amsa: Ƙanena, wanda ya yi wata huɗu yana tashi da asuba bai fasa ba, yana da abin da ya fi wuyar samu. Matsalar ita ce gero kake shukawa kana jiran dawa. Tsuguno 200 babu nauyi juriya yake koya wa cinya, ta daɗe tana aiki ba ta gaji ba. Shi kuwa tsalle ba ya ba ka lokaci. Daga sa'ar da ka fara tura ƙasa zuwa sa'ar da yatsunka suka bar ta, da ƙyar ake cika sulusin sakan. Duk ƙarfin da ƙafarka ba ta fitar ba cikin wannan ƙiftawar ido, bai amfane ka da komai ba. Da ka rabu da ƙasa kuwa magana ta ƙare, saurin da ka tashi da shi ne zai yanke inda za ka kai. Mai tashi da gudun mita 3.1 a sakan yana hawa kusan santimita 50, mai son 65 sai ya tashi da kusan mita 3.6. Rabin mita ne a tsakani, kuma a kan wannan rabin mitar ake zub da gumin shekara guda.

Kafin komai, ka san inda kake. Sami bango mai tsawo da alli, ko gawayi in bangon fari ne. Tsaya da gefenka jikin bango, dugaduganka a ƙasa, ka miƙa hannu iya miƙewa ka shafa. Sannan ka yi tsalle daga tsaye ka sake shafawa. Yi sau uku, ka ɗauki wanda ya fi, ka auna tsakanin alamomin biyu da tef ɗin tela. Wannan awon tsoho ne, wani likita Ba'amurke mai suna Dudley Sargent ya fito da shi tun 1921, kuma har gobe da shi nake fara karɓar kowane yaro. Zoben kwando yana mita 3.05 daga ƙasa. Mai tsawonka yawanci hannunshi na kaiwa wajen mita 2.40 a tsaye, ka ga santimita 65 ke tsakaninka da taɓa zobe. In allinka ya nuna 48, to ka san bashin da ake bin ka 17 ne. Ya fi ka yi ta kallon zobe kana jin haushi.

Maganar gado akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Cikin tsoka akwai zaruruwa iri biyu. Wasu masu sanyin aiki ne, ba su gajiya da wuri. Wasu masu zafin nama ne, suna da ƙarfi amma nan da nan suke ƙarewa. Wani an haife shi da masu zafin da yawa, wannan rabo ne. Sai dai jiki mai tattali ne, kamar maigida da ba ya tashin manyan 'ya'yanshi sai kayan sun fi ƙarfin ƙanana. Muddin aikin mara nauyi ne kuma a hankali ake yin shi, ƙananan ke ta fama, manyan na kwance. Abu biyu ke tashin su da gaske: nauyi mai yawa, ko gaggawa. Kai kuwa cikin wata huɗun nan ba ka ba su ko ɗaya ba. Ba za ka san abin da ka gada ba sai ka tashe su. Spud Webb, wanda tsawonshi bai wuce mita 1.70 ba, ya ci gasar danna ƙwallo cikin kwando ta manyan 'yan wasan Amurka a 1986. Ba ina ce maka kowa zai zama shi ba, amma kai ka ba shi santimita 12 tun kafin ku tashi daga ƙasa.

To ga tsugunon da nake nufi, wanda 'yan gidan ƙarfe ke kira sikwat. Sandar ƙarfe a kan naman kafaɗa, ƙasa da ƙashin wuya. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, yatsu sun ɗan kalli waje. Ja numfashi ka cika ciki, ka ɗaure shi tamau kamar wanda ake shirin kai wa naushi. Sauka a natse har ƙugunka ya zo daidai gwiwa ko ya ɗan wuce ƙasa, dunduniya manne da ƙasa, gwiwa tana bin inda yatsu suka kalla, gadon baya a miƙe. Sannan ka taso da dukkan zafin da kake da shi. Ko nauyin ya sa tashin ya yi jinkiri a ido, niyyarka ta zama ta mai son huda rufi. Mu nan Allah Ya ba mu sa'a a wannan fannin. Dubi mai facin taya a bakin titi, ko dattijo yana alwala a ƙofar masallaci, ya tsuguna har ƙasa, dunduniya a shimfiɗe, hankali kwance. Wanda ya tashi kan kujera tun yana yaro sai ya yi watanni yana neman wannan zaman. Kai kana da shi, nauyi kawai za a ɗora mashi a hankali.

Fara da sandar kaɗai, wadda cikakkiyarta kilo 20 ce, har sai wani da ya sani ya kalle ka ya ce zaman ya yi. Daga nan ka nemi nauyin da za ka iya tashi da shi sau 5 da kyau, kana jin da saura ɗaya ko biyu a jikinka. Yi zubi huɗu, tsakanin kowane zubi ka huta minti uku cur. Yarana sun fi tsanar hutun nan, suna ganin ɓata lokaci ne, alhali shi ke sa zubi na huɗu ya fito da ƙarfin na farko. Kwana biyu a mako ya isa, ni Litinin da Alhamis nake sa wa nawa. Duk mako ka ƙara kilo biyu da rabi in jiki ya yarda. Inda masu horarwa da yawa ke sa ido shi ne mutum ya iya tashi da nauyinshi ɗaya da rabi sau ɗaya, wato kai wajen kilo 100. Ba aikin wata ɗaya ba ne. Kada ka shiga ƙarƙashin ƙarfe mai nauyi ba tare da mutum biyu a gefe da za su karɓe shi in ya danne ka ba.

Ƙarfin kaɗai kuma bai wadatar ba, sai an koya mashi fita da wuri. Mun ga masu dako a kasuwa da ke saɓa buhu mai kilo 100 su yi tafiya da shi, amma ka ce su taɓa reshen da ke sama da kai, sai ka ga ba su tashi ba. Shi ya sa tsallen kanshi ke cikin horon, kuma a farkonshi, bayan ka ɗumama jiki minti goma, tun ƙafa tana da ɗanyen ƙarfi. Tsalle 4 iya ƙarfinka, ka huta minti biyu, ka maimaita har zubi huɗu ko biyar. Duka-duka 20 ke nan. Da ka ga ka daina kai alamar allinka, ka tsaya, don daga nan gajiya kake koya wa ƙafa.

Akwai abin da nake so ka gwada gobe ka ji da jikinka. Tsuguna rabi, ka ƙirga uku, sannan ka yi tsalle. Sai ka sake, wannan karon daga tsaye ka nutsa da sauri ka tashi nan take. Na biyun zai fi na farko da 'yan santimitoci. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Nutsawar nan tana ba tsoka damar tara ƙarfi tun kafin a fara tashi, tana kuma ja agara da jijiyar gwiwa kamar yadda yaro ke jan danƙon harbin tsuntsu. In ka tsaya jira a ƙasa, abin da aka tara ya zube. Hannuwa ma suna da rabonsu: ka wurga su baya lokacin nutsawa, ka watsa su sama lokacin tashi, suna ƙara kashi ɗaya cikin goma ko fiye. Kakanninmu sun san wannan aikin ba tare da sunan boko ba. Duk wanda ya yi langa a dandali da farin wata, ƙafa ɗaya a hannu, ɗayar tana dukan ƙasa tana tashi, ya horar da agararshi fiye da yadda ya sani. Har yau in na ga sabon yaro mai tashi kamar ƙwallo, in na tambaya sai in tarar ɗan langa ne a ƙauyensu.

Tsallen kwaɗo kuwa, don Allah ka bar shi daga yau. Ina ɗan shekara 17 wani mai horar da mu ya riƙa sa mu hawan matakala da shi, hannu a kunne, har sai wani ya faɗi. Shi a ganinshi gata yake mana. Bayan wata biyu wani ciwo ya kama ni daidai ƙasan ƙoƙon gwiwa, wurin da jijiya ta kama ƙashi. In na danna da babban yatsa sai in ji kamar an soka ƙusa. Na ɓoye, na ci gaba, har ya kai ba na iya sauka daga kan keke sai na dafa bango. Kakar wasa guda ta wuce ina zaune a benci ina kallon abokaina, kuma har yanzu in hunturu ya kankama ina jin wurin lokacin sujada. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

In ka riƙe wannan tsarin, ka sake awo duk bayan mako huɗu. A yaran da suka biyo ta hannuna, wanda bai taɓa ɗaga ƙarfe ba yakan ƙara santimita 5 zuwa 10 cikin wata uku na farko, daga nan abin ya koma tafiyar hawainiya. Ka ci abinci, don a kilo 68 da tsawonka akwai sauran wurin nama. Mai irin wannan horon yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 kan kowane kilo na jikinshi a yini, kai kusan giram 110 ke nan. Ƙwai ɗaya yana da 6, giram 100 na busasshen wake yana da wajen 23. Ga awara, ga nono, ga ƙuli-ƙuli, ga kifi. Garin gwangwanin da ake tallar shi da tsada bai fi waɗannan ba. Barci kuma awa takwas, don a cikinshi ake ginin.

Tambaya: Malam, ni gola ne a wata ƙungiyar unguwa a Daura. Ƙwallon sama na ba ni wahala, musamman bugun kusurwa, wato kwana. Ba ni da kuɗin gidan ƙarfe. Me zan yi a gida? Kuma na ga a waya ana dirowa daga kan akwati mai tsawo a sake tashi sama, in fara? Daga wani mai tsaron gida, Daura.

Amsa: Ɗan'uwa, gidanku cike yake da kayan aiki. Jarka mai lita 25 in ta cika da ruwa kilo 25 ce. Rungume ta a ƙirji ka tsuguna da ita. Ranar da ta yi maka sauƙi, kada ka tafi neman buhun siminti, ka koma ƙafa ɗaya. Juya wa dakali baya, ka ɗora bayan ƙafa ɗaya a kanshi, ɗayar tana gaba da taki guda, ka sauka har gwiwar baya ta kusa taɓa ƙasa, ka taso. Yanzu kusan duk nauyinka da na jarkar a kan cinya ɗaya suke. Sau 6 kowace ƙafa, zubi uku, za ka ba da labari. Wannan ma ya fi dacewa da kai, don gola da wuya ya tashi da ƙafa biyu a jere. In ka fito kwana, taku biyu ne ko uku, ƙafa ɗaya ta tura, ɗayar gwiwar ta tashi ta kare maka ciki. Sandar raga mita 2.44 ce daga ƙasa, faɗin ragar kuwa mita 7.32, ka ga tsallen gefe ya ma fi na sama yawa a aikinka. Ka riƙa tsallakawa daga ƙafar dama zuwa ta hagu iya nisa, ka dira ka tsaya cak na sakan biyu kafin ka koma. Dakalin kuma ka hau shi da tsalle, ka sauko da taku. Ban da turmi, yana kifewa.

Na san samari na zuba siminti a gwangwanin fenti su soka bututu su yi ƙarfen gida. Ban hana ba, amma a ɗora kowane gefe a kan sikeli. Na taɓa auna wani na tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya da kilo uku, mai shi kuwa yana ta kukan ciwon kwankwaso.

Dirowar da ka gani a waya tana da asali. Wani mai horarwa na Tarayyar Sobiyet, Yuri Verkhoshansky, shi ya tsara ta wajen shekarun 1960, kuma don manyan 'yan wasa da suka riga suka ƙoshi da ƙarfi ya yi ta, suna dirowa daga santimita 75 zuwa sama. Tana aiki ƙwarai, amma ƙasa tana dukan ƙafa da ninkin nauyin jiki sau da yawa. Kai ba yanzu ba. Yi wata uku a kan abin da na faɗa, sannan ka fara daga santimita 30, a kan ciyawa ko ƙasa mai laushi, sau 10 zuwa 15 a yini ɗaya cikin mako. Abu ɗaya kuma da tsalle ba zai gyara maka ba: golan da ya tashi da wuri yana saukowa lokacin da ƙwallo ke isowa. Sa wani ya bugo maka kwana 20 duk yamma.

Tambaya: Koci, ɗana shekararshi 14, ya dame ni in bar shi ya fara ɗaga ƙarfe don ya iya tsalle. An ce mani ƙarfe na hana yaro tsawo. Ga shi kuma wani ƙullutu ya fito mashi a ƙasan gwiwa, yana ciwo in ya dawo daga ƙwallo. Daga wata uwa, Rafindadi.

Amsa: Hajiya, Allah Ya raya mana shi. Ɗaga nauyi daidai ƙarfin yaro, a gaban babba da ya san aikin, ba ya hana tsawo. Abin tsoro shi ne yara su taru su kaɗai suna gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi, ƙarfe ya faɗo ko baya ya lanƙwashe. A shekarunshi nauyin jikinshi da 'yar jarka mai lita 5 ko 10 sun ishe shi, ya koyi zama mai kyau da dira mai kyau.

Amma ƙullutun nan shi ne gaba. Yara masu wasa da ke cikin ganiyar girma suna yawan samun shi. Ƙashi na tsawo da sauri, jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa tana jan saman ƙwauri a wurin da bai gama ƙwari ba, sai wurin ya kumbura. Yawanci yana lafawa in girma ya tsaya, ko da ƙullutun ya zauna. Duk da haka ki kai shi asibiti likita ya duba ya tabbatar shi ne, musamman in yana ɗingishi, ko ciwon na tashin shi da dare, ko da zazzaɓi. Kada a sa mashi aska, kada a kai shi a murza wurin da ƙarfi. Kafin nan ya rage tsalle da gudu, in ya dawo a sa mashi ƙanƙara a cikin tsumma minti 15. Ki ce mashi Koci ya ce tsallen na nan na jiran shi, ba inda za shi.

Tambaya: Malam, ɗaliba ce ni, ina buga ƙwallon raga a makaranta. Wannan horon ya dace da mata? Ƙawayena na cewa jikina zai koma irin na maza. Daga wata ɗaliba, Katsina.

Amsa: Ɗiyata, ya dace, kuma jikinki ba zai koma na maza ba, don sinadarin da ke kumbura wa namiji tsoka kaɗan ne ƙwarai a jikin mace. Ƙarfi za ki ƙara. Zinaren farko da wani ɗan Najeriya ya ci shi kaɗai a gasar Olamfik mace ce ta ciyo shi, Chioma Ajunwa, a Atlanta a 1996, da dogon tsalle na mita 7.12 a yunƙurinta na farko. Ese Brume kuma, ita ma 'yar Najeriya, ta kai mita 7.17 a 2021. Ragarku mita 2.24 ce, ta maza 2.43, kuma duk abin da na faɗa wa mai tambayar farko ya hau kanki, da nauyi daidai ke.

Inda nake so ki fi shi kula shi ne dira. Tsinkewar jijiyar da ke cikin tsakiyar gwiwa ta fi samun mata 'yan wasa fiye da maza, kuma sau da yawa babu wanda ya taɓa su, dira ce kawai gwiwa ta karkata ciki. Ki sa ƙawarki ta tsaya a gabanki da waya ta ɗauke ki kina dirowa daga kan matakala ɗaya, sannan ku kalla a hankali. In gwiwoyinki na neman sumbatar juna lokacin da kika taɓa ƙasa, nan za ki fara aiki, tun kafin ki nemi ƙarin santimita ko ɗaya. Ki dira a kan gaban tafin ƙafa, dunduniya ta biyo, ƙugu ya ja baya kamar za ki zauna a kujera, gwiwa a saitin yatsa na biyu. Kunne ma alƙali ne: dira mai kyau ba ta da ƙara. Ni nakan juya wa 'yan wasana baya in ce su diro ɗaya bayan ɗaya, wadda na ji tim ɗinta ta koma layi. Ki yi sau 10 kafin kowane wasa har tsawon mako shida, sannan ki sake ɗaukar hoton ki gwada da na farko. In kin yi, ki rubuto mani abin da kika gani, tare da awon allinki na bango.